Mahayin da ya tsaya shi kaɗai cikin ƙanƙara: abin da Remington ya zana da abin da ya bari a waje

Tambaya: Malam, na sayi wani hoto cikin firam a wurin masu kayan gwanjo. Mutum ne shi kaɗai a kan doki da dare, ko'ina ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, ya zuba wa wasu 'yan fitilu ido can nesa. A ƙasa an rubuta Frederic Remington. Kaboyi ne? Abin da ya faru da gaske ne aka zana? Kuma yana da wata daraja ta kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka iya zaɓe. Bisa kwatancen da ka yi, zanen nan shi ne wanda ake kira "Friends or Foes?", wato masoya ne ko maƙiya, wasu kuma suna ce masa "The Scout", wato ɗan leƙen asiri. Remington ya yi shi da fentin mai tsakanin 1902 da 1905. Na asalin yana gidan adana zane-zane na Clark da ke garin Williamstown a jihar Massachusetts ta Amurka. Faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, tsayinsa kimanin santimita 69.

Mahayin ba kaboyi ba ne. Ɗan ƙabilar Blackfoot ne, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, waɗanda ke zaune a inda yau ake kira Montana a Amurka da Alberta a Kanada. Fitilun da ka gani kuwa wutar zango ce, wasu mutane ne suka sauka suka hura.

Kafin mu shiga tarihi, ina so ka ɗauko hoton ka aza shi a gabanka, don ni a wurina kallon ya fi labarin muhimmanci. Dubi yadda mutumin ya ranƙwafo gaba a kan dokin, kamar wanda yake so idonsa ya riga jikinsa isa can. Dubi hancin dokin: numfashinsa ya fito kamar hayaƙi saboda tsananin sanyi. Wannan ɗan hucin ne kaɗai abin da ke motsi a zanen gaba ɗaya. Dokin ya tsaya cik, ba a ja linzami an juya ba, ba a kuma sake shi an nufi zangon ba. Sai taurari jefi-jefi a sama, sai waɗannan ɗigo-ɗigon haske a inda sama ta haɗu da ƙasa, waɗanda in ka sa kan yatsarka za ka rufe su duka. Amma cire su, zanen ya mutu. Su ne suke riƙe da mahayin, su suke riƙe da kai mai kallo.

Abin da Remington ya zana ke nan: rashin sani. Lokacin da mutum bai riga ya yanke shawara ba, kuma kuskure ɗaya na iya cin ransa. In ya je, wataƙila ya samu wuta da abinci, wataƙila ya samu harsashi. In ya ƙi zuwa, sanyin ƙasar nan shi ma yana kisa. Duk direban da ya taɓa hango hasken tocila a tsakiyar titi da dare a wasu hanyoyinmu na Arewa, ya ɗaga ƙafa daga totur yana tambayar kansa jami'an tsaro ne ko 'yan bindiga, ya san wannan tsayuwar ba sai an yi masa bayani ba. Ina jin shi ya sa hoton ya kama ka tun kana wurin gwanjon, alhali ba ka taɓa taka ƙanƙara ba.

Zana dare yana daga cikin abubuwa mafi wuya a wannan sana'a tamu, kuma ɗalibi sabon shiga kusan kullum hanya ɗaya yake kaucewa: ya ɗebo baƙin fenti ya lafta, ya ce dare ya yi. Dare ba baƙi ba ne. A cikin idon mutum akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Masu bambance launi da rana suke aiki sosai. In haske ya ragu sai su yi rauni, ɗaya irin su karɓi aikin, su kuwa ba su san launi ba, kuma sun fi jin ɓangaren shuɗi da kore. Shi ya sa in farin wata ya fito, jar hula takan koma kamar baƙa, farar riga kuma ta ɗauki wani shuɗi-shuɗi. Remington ya gina zanen nan a kan wannan. Ƙanƙarar da ka ce fara ce fat, sake dubawa: shuɗi ce mai haske, samaniya kuma shuɗi mai duhu, tazarar da ke tsakanin launukan kaɗan ce. Saboda komai ya yi sanyi a ido, ɗan ɗigon launi mai ɗumi da ya sa a wurin wutar sai ya yi ƙarfin da ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Ba yawan fenti ba ne gwaninta a nan, sanin inda za a hana ne.

Shi kansa ya faɗi haka a wata hira da aka yi da shi a 1903. Ma'anar maganarsa ita ce mai zane ya rage, ya yi ta ragewa, ya yi aikinsa mafi wuya a wajen hoton, ya bar wa mai kallo abin da zai ƙarasa da tunaninsa. Ka lura ba a nuna maka waɗanda ke zangon ba. Ba a nuna maka inda mahayin ya fito ba. Ko fuskarsa ba ta fito sosai ba.

Bai fara da haka ba. Remington ɗan jarida ne kafin komai, mai zana wa mujallu hotuna a zamanin da buga hoton kyamara a takarda bai yi sauƙi ba. An haife shi a 1861 a garin Canton na jihar New York, can gabas, nesa da ƙasar da ya yi suna a kanta. Mahaifinsa hafsan sojan doki ne a yaƙin basasar Amurka, kuma mai gidan jarida. Ya ɗan yi karatun zane a jami'ar Yale bai ƙarasa ba. A 1881 ya fara leƙa Montana, a 1882 mujallar Harper's Weekly ta buga zanensa na farko, shi ma sai da wani ma'aikacinta ya sake zana shi. A 1883 ya sayi gonar kiwon tumaki a Kansas, bai daɗe ba ya gaji ya sayar. Daga nan ya koma gabas, ya dinga kai ziyara yamma, yana bin sojoji, yana ɗaukar hotuna, yana sayo sirada da bindigogi da tufafin 'yan ƙabilu yana tarawa a ɗakin zanensa da ke New Rochelle kusa da birnin New York. Zane-zanensa na farko cike suke da ƙura da sukuwa da harbe-harbe a tsakar rana, kowace likkafa da kowane maɓallin riga an fito da shi ƙarara. Ya san doki ƙwarai. Yana cikin masu zanen farko da suka amfana da hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a 1878, waɗanda suka nuna cewa in doki yana sukuwa, lokacin da ƙafafunsa huɗu suke barin ƙasa a tattare suke a ƙarƙashin cikinsa, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda aka daɗe ana zanawa.

Ya samu kuɗi, ya samu suna, amma masana zane na zamaninsa ba su ɗauke shi cikakken mai zane ba. Suna cewa mai ƙawata mujalla ne, launinsa kuma yana da kaushi. Abin ya ci masa rai. A 1898 ya je Kyuba ya ga yaƙin Amurka da Sifaniya da idonsa, ya dawo jikinsa a sanyaye, don abin da ya gani bai yi kama da yaƙin da ya saba zanawa ba. Daga wajen 1900 har ya mutu ya yi zanen dare fiye da 70, kuma a cikinsu ne ya samu abin da yake nema. Ya tsananta wa kansa har a watan Fabrairun 1907 ya fitar da tsofaffin zanensa kimanin 75 ya cinna musu wuta a waje. Yabo na gaske daga masana sai a 1908 da 1909 ya zo, a ƙarshen Disamban 1909 kuma ya mutu bayan tiyatar afendis, yana da shekara 48. Ni dai har kullum ina jin takaicin wannan, don mutumin ya mutu ne daidai lokacin da hannunsa ya nuna.

To, tambayarka ta biyu: da gaske ne? Ba wani mutum takamaimai ba ne, ba kuma wani dare ne da aka rubuta a tarihi ba. A ɗaki aka zana shi, a gabashin Amurka, daga tunani da kayan da aka tara. Wannan ba laifi ba ne, haka ake yawancin manyan zane. Inda nake so ka buɗe ido shi ne wannan kaɗaicin, don shi ne abin da aka fi ƙirƙira a irin waɗannan hotuna.

A wannan ƙasa ba a rayuwa mutum ɗaya. Kaboyin da fina-finai suka saba nuna mana yana ratsa daji shi kaɗai, a zahiri ɗan ƙwadago ne mai albashin da bai wuce dala 25 zuwa 40 a wata ba. In za a kora garken shanu dubu biyu ko uku daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa a Kansas, mutum goma ko sha biyu ake haɗawa, da mai dafa abinci, da mai kula da dawakin canji. Da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne da suka fito daga bauta, da kuma 'yan Meziko, waɗanda daga wurinsu ma aka koyi sana'ar. A zane-zanen da suka yi suna ba kasafai za ka gan su ba. Shi ma ɗan leƙen asirin ƙabila ba don kansa yake fita ba, aiko shi aka yi, akwai jama'a a bayansa suna jiran rahoto. Kuma wanda ya san aikinsa ba zai tsaya ƙiƙam a kan doki a fili cikin hasken ƙanƙara ba. Sauka zai yi ya ɓoye dokin, ya ja ciki zuwa kan tudu. 'Yan Blackfoot ma in za su je kwaso dawakin abokan gaba, sau da yawa a ƙafa suke tafiya cikin ƙaramar ƙungiya, su dawo a kan abin da suka samo. Remington ya san duk wannan. Ya tsayar da mahayin a fili ne don zanen yana bukatar haka.

Me ya sa masu sayen zane a New York suke son ganin ɗan ƙabila shi kaɗai, cikin sanyi, cikin dare? Amsar tana cikin abin da ya faru shekaru talatin kafin a zana shi.

Doki ma baƙo ne a wurin Blackfoot. Sifaniyawa ne suka shigo da shi nahiyar a ƙarni na 16, ya bi hannu-hannu daga kudu har ya iso gare su wajen 1730. Cikin ɗan lokaci ya sauya musu rayuwa: da shi ake farautar ɓaunan Amurka, da shi ake ƙaura, da shi ake auna arzikin mutum. Daga jikin ɓaunan nan suke samun nama, da fatar tanti, da tufafi. A farkon ƙarni na 19 dabbobin sun kai miliyoyi masu yawa. Mafarautan fata da jirgin ƙasa, tare da hukumomin da suka ga cewa ƙarewar ɓauna za ta durƙusar da ƙabilun, suka gama da su, har a 1889 waɗanda suka rage ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba. Kafin nan cutar agana ta 1837 ta kashe dubban 'yan Blackfoot. A Janairun 1870 sojojin Amurka ƙarƙashin Manjo Eugene Baker suka afka wa wani zangonsu a bakin kogin Marias da asuba cikin sanyi, suka kashe kimanin mutum 200, yawanci mata da yara da tsofaffi, kuma zangon na wani shugaba ne da ke zaman lafiya da gwamnati. A hunturun 1883 zuwa 1884, da ɓauna ta ƙare kuma abincin da gwamnati ta yi alkawari bai wadatar ba, ɗaruruwansu suka mutu da yunwa a Montana.

In ka san wannan, sunan zanen sai ya ƙara nauyi. Ga ɗan Blackfoot na wancan zamani, wutar da ke can tana iya zama ta danginsa, ko ta wata ƙabila da suke gaba, ko ta soja, ko ta 'yan kasuwar giya. Ko wanda ya zo da takardar yarjejeniya ba lalle ne masoyi ba. Tun daga 1866 ma dokar Amurka ta ba sojoji damar ɗaukar 'yan ƙabilu aikin leƙen asiri, saboda haka mutum yana iya hango ɗan'uwansa a launin fata bai san wa yake wa aiki ba.

Su ma makiyayan Turawa zamaninsu bai daɗe ba. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta yanyanka filayen kiwo. Mugun hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba adadi. A Disamban 1890 aka yi kisan Wounded Knee, inda sojoji suka hallaka 'yan ƙabilar Lakota tsakanin 250 da 300. Bayan ƙidayar wannan shekarar, hukumar ƙidayar Amurka ta ce babu sauran wani layi da za a nuna a taswira a ce daga nan daji ya fara. Wato lokacin da Remington ya ɗauki buroshi ya yi zanenka, duniyar da yake zanawa ta riga ta wuce da fiye da shekara goma. Ƙidayar 1900 ta samu 'yan asalin ƙasar kimanin 237,000 kacal a Amurka, mafi ƙarancin adadinsu a tarihi. Turawa da yawa suka ɗauka cewa mutanen nan ƙarewa za su yi, kuma suna kallon hakan kamar faɗuwar rana, abin tausayi amma ba laifin kowa ba. Mahayi ɗaya tilo cikin duhu ya dace da wannan tunani. Yana ba mai kallo damar jin tausayi ba tare da ya tambayi wa ya kashe ɓaunar ba.

Ba zan ɓoye maka halin mai zanen ba. Akwai wasiƙunsa da suka rage, a cikinsu ya yi munanan kalamai na ƙyama a kan 'yan ƙabilun nan, da Yahudawa, da 'yan Sin, da sauran baƙin haure. Zanen da ya yi wa mujalla a kan Wounded Knee ya nuna abin kamar gwabzawa tsakanin mayaƙa, alhali bai kasance a wurin ba lokacin da aka yi. Duk da haka, a zanen da ke hannunka bai wulaƙanta mahayin ba. Bai sa shi yana ihu ko yana kai hari ba. Ya tsayar da mu a kusa da shi, muna kallon abin da yake kallo, muna jin tsoron da yake ji. Bature mai kuɗi da ya tsaya gaban hoton nan, na ɗan lokaci ya zama shi ne a kan dokin, wutar da ke can kuma wataƙila ta mutanensa ce. Ina ganin a nan hannun Remington ya fi bakinsa adalci. Ba na wanke shi da wannan, ba na kuma yarda a ce zanen ba shi da kyau saboda mai shi yana da mugun baki. Abu biyun duka gaskiya ne, kuma mai kallo na iya riƙe su tare.

Abin da ya kuskure shi ne hasashen ƙarewar. Blackfoot ba su ƙare ba. Suna nan a yankinsu na Montana mai hedikwata a garin Browning, 'yan'uwansu Siksika da Kainai da Piikani suna Alberta. Suna koyar da harshensu a makarantu, suna dawo da ɓauna ƙasarsu, kuma har gobe matasansu na tseren dawaki ba sirdi, irin wanda mahayi ke dira daga kan doki ɗaya ya haye wani ana cikin gudu.

In hoton ya sa maka sha'awa, nemi wasu guda biyu da ya yi a shekararsa ta ƙarshe, 1909. "The Outlier" yana gidan adana kayan tarihi na Brooklyn: mahayi ɗaya ƙarƙashin wata mai launin rawaya, wanda ya yi ta sakewa kafin ya gamsu. "The Luckless Hunter" kuma yana Fort Worth a Texas: maharbi ya dunƙule cikin bargo a kan doki, yana komawa gida hannu rabbana. Sa'an nan ka gwada su da aikin Charles Russell, wanda ya isa Montana a 1880 yana ɗan shekara 16, ya yi shekaru yana aikin tsaron dabbobi da dare. Russell bai kai Remington iya sarrafa haske ba a ganina, amma ya zauna cikin mutanen da yake zanawa, shi ya sa hotunansa suka fi cika da jama'a, da mata a kan hanyar ƙaura, da hira a bakin wuta.

Batun kuɗi kuma, kada ka sa rai. Zanen Remington na asali yakan kai miliyoyin daloli a gwanjon manya, amma wannan guda ɗaya ne a duniya kuma an san inda yake. Naka bugu ne na inji. In kana son tabbatarwa, cire shi daga firam ka duba da gilashin ƙara girma: bugu za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, ko fuska sumul, fentin mai kuwa yana da tudu da kwari inda buroshi ya bi. Sa hannun da ke ƙasa ma an buga shi ne tare da hoton. Darajarsa ita ce kuɗin da ka biya da kuma daɗin da idonka ke ji.

Abu ɗaya ka kiyaye: kada ka rataye shi inda rana ke bugawa. Tawadar bugu ba ta jure rana, kuma launin ja da rawaya su ke fara koɗewa, wato daidai launin wutar zangon. Na sha ganin kwafin da ya koma shuɗi zalla, mahayin yana kallon inda babu komai. In naka ya fara hakan, gidan Clark ya sa hoton zanen mai kyau a shafinsa na intanet, kuma tun da mai zanen ya mutu fiye da shekara ɗari, haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Ka kai wa mai buga hoto wanda ya san aikinsa, ka ce masa kada ya ƙara haske ko ya kaifafa launin. Yawancinsu in suka ga hoto mai duhu sai su ce za su gyara maka, kuma gyaran nan ne ke ɓata shi.